Dawowar Angon Inna Uwani

Awaki uku Inna Uwani ta fito da su daga Moriki, shekarar da ɓarayin daji suka hana mutane zuwa gona, autanta Zayyanu ya je da mota ya ɗauko ta zuwa Ƙaura Namoda. Ta bar gadon ƙarfenta can, ta bar tukwanen da ta gada wurin uwarta, amma ta ce ƙafarta ƙafar awakin nan. Zayyanu ya kafa masu turke a ƙuryar gida, kusa da bishiyar darbejiya. Duk safiya sai ta gaishe su tukun ta gaida mutane.

Saboda haka ranar da ya zo ya durƙusa bakin ɗakinta yana sosa ƙeya, ta san maganar da ya zo da ita mai nauyi ce.

"Inna, likita ya sallame su. Ranar Laraba suna tahe."

"Alhamdu lillahi! Angona zai dawo?"

"Zai dawo. Sai dai akwai sharuɗɗa." Ya ciro takarda daga aljihu, ya kuma mayar. "Sun ce ba a son dabbobi inda yake. Ko kaza."

Angon nata shi ne jikanta Hafiz, ɗan shekara biyu da rabi, wanda aka haifa da amosanin jini, abin da yaran yanzu ke kira sikila. Wata bakwai ke nan yana Legas da uwarsa Hussaina, inda da taimakon wata ƙungiya da na dangi aka yi masa dashen ɓargo. Yayarsa Nabila, 'yar shekara bakwai, ita aka ɗebi ɓargon a ƙugunta, ta dawo gida tun tuni tana nuna wa ƙawayenta 'yan tabo biyu a bayanta kamar cizon cinnaka. Uwani ba ta gane yadda ake dasa ɓargo ba, ita dai dashen da ta sani na albasa ne a fadama. Amma ciwon ta san shi fiye da likitan. 'Ya'ya biyu ya ɗauke mata, ɗanta na fari Armiya'u, da Balaraba.

Kashegari ta kira ƙanenta Sanda daga Kasuwar Daji, ya zo da Keke Napep. Ita da kanta ta kwance igiyoyin, ta yi masa bayanin wadda ba ta cin dusa sai da gishiri, da wadda ke son a sosa mata tsakanin ƙaho. Da keken ya sha kwana tana jin kukansu har ya wuce masallaci. Ta dawo ta tarar magina sun fara zuba siminti a tsakar gida, daidai wurin turken.

Ranar Laraba da la'asar motar ta tsaya ƙofar gida. Uwani ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, Nabila ta maƙala mata takunkumi a fuska, har igiyar na jan ɗankunnenta. Hussaina ta shigo ta rame, ta durƙusa ta gaida ta, yaron na manne a ƙirjinta.

Da a hanya Uwani ta gan shi da ba ta shaida shi ba. Kumatunsa sun cika, fatarsa ta yi duhu, kansa da ta sani da gashi mai kauri yanzu wani laushi ne ya tsiro kamar na jariri, har da gashi siriri a goshi. Ta miƙa hannu.

"Angona, taho. Ka tahi yawon duniya ka bar ni?"

Ya dube ta, ya tsala ihu, ya cusa kai cikin hijabin uwarsa.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Hussaina, murya ƙasa-ƙasa. "Duk mai takunkumi gani yake allura ya zo yi masa. Kuma sai an wanke hannu da sabulu kafin a ɗauke shi."

Uwani ta dubi tafin hannunta. Da hannun nan ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu a Moriki. Ta mayar da su cikin mayafi.

Aikin da ya faɗo mata a kwanakin farko shi ne mafi wuya. Mata suka yi ta zuwa barka da dawowa, daga maƙwabta, daga Zurmi, har dangin Hussaina daga Shinkafi da kwanonin abinci a ka. Likita kuwa ya ce ban da taro. Zayyanu yana kasuwar hatsi wurin lodin motoci, Hussaina ba ta da fuskar da za ta tare manya, sai aka shimfiɗa wa Uwani tabarma a zaure. Ita da ba a taɓa shiga gidanta a fita ba a sha fura ba, ita ce yau ke cewa mutane su tsaya nan. Wasu suka fahimta. Wata tsohuwar ƙawarta ta ce, "To, mu da muka yi goyon goma ashe ƙazanta muke yi," ta ɗauki takalmanta. Uwar Hussaina ma ta taga ta ga jikanta, ta ɗaga masa hannu tana share ido da bakin gyale, ta koma Shinkafi kafin hanya ta yi shiru.

Gidan ya koma wani iri. Ruwan da Hafiz zai sha sai an tafasa. Nono an hana, fura an hana, kwaɗon zogale da duk wani ɗanyen ganye an hana. Abin da ya fi ba Uwani mamaki shi ne ɗumame. Wai tuwon da ya kwana ba zai shiga bakinsa ba, komai yadda aka tafasa miyar. A kan teburin ɗakin Hussaina kwalaben magani ne jere, kowace da lokacinta, waya na ƙara safe da yamma tana tuna masu. Nabila in ta dawo makaranta sai ta tuɓe kayan makaranta a bakin rijiya ta yi wanka tukun ta leƙa ƙanenta. Ita kam abin bai dame ta ba. In ya ƙi shan magani sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Jinina na jikinka hwa, dole ka ji maganata." Shi ma sai ya buɗe baki.

Uwani takan zauna kan kujerarta 'yar tsugunno tana kallon simintin da ake wankewa sau biyu a rana, tana tuna tsakar gidansu ta Moriki. Mata huɗu, matan wa da ƙane, yara sun fi ashirin. Yaro na rarrafe cikin turɓaya, ya kama wutsiyar akuya ya miƙe, ya ɗebi ƙasa ya kai baki, uwar wani ta sa yatsa ta ƙwaƙulo ta ɗora shi a baya ta ci gaba da surfe. Da hantsi Fulani mata su shigo da ƙwarya, a dama fura a akushi guda, ludayi ɗaya ya zagaye kowa. Marigayi Malam Ladan, mijinta, in ya dawo daga kasuwar shanu ran Lahadi, rake yake sarowa gaɓa-gaɓa, yara su yi layi tun daga zaure. Ba wanda ya san ɗan wa ke kwana ɗakin wa. Idan ta kai nan a tunaninta sai ta tsaya, don ta san a cikin layin nan akwai yara biyu masu jajayen ido da kumburin yatsu, waɗanda ba su kai ga sarar raken da haƙoransu na manya ba.

Abinci ne ya fara haɗa ta da angonta. Tun a asibiti bakinsa ya canza, ba ya son komai. Hussaina ta yi shinkafa, ta yi taliya, ta yi kunun gwangwani, ya kawar da kai. Mako biyu ana fama, wuyansa ya fara zurmawa. Rannan Uwani ta ce a ba ta ƙaramar tukunya.

"Mi za ki dafa, Inna?"

"Ke dai tsaya ki gani, in akwai abin da takardarku ta hana ki faɗi."

Ta wanke hannu har gwiwa Hussaina na kallo. Ta tankaɗe garin gero sau biyu, ta tuƙa tuwo ɗan mitsitsi mai laushi, ta kaɗa miyar kuka ta bar ta ta tafasa sosai, ta soya man shanu har ya yi ƙamshi ta ɗiga. Ta zauna nesa da shi kaɗan, ta ɗauki cokali ta yi kamar ita za ta ci ta cikin takunkumin.

"Tuwon nan na mai gida ne. Tun da mai gidan ya yi yaji, bari in cinye abina."

Yaron ya leƙo daga bayan uwarsa. Ta sake kai cokalin bakin takunkumi, ta yi "am!" Miyar ta ɓata ƙyallen. Ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ba a ji ba tun da suka dawo. Ya tako, ya tako, ya kama cokalin. Loma bakwai ya ci ran nan. Hussaina ta shiga ɗaki ta kira Zayyanu a waya ta gaya masa.

Daga nan ya zama sau uku a rana ana ɗora 'yar tukunyar. Ya koyi cewa "Kaka". Ya koyi kawo mata sabulu da kansa in yana son ta ɗauke shi, ya tsaya yana kallo har ta ɗauraye. Wasu kalmomin nasa ba ta gane su, na ma'aikatan asibitin Legas ne, sai Nabila ta fassara. Ita kuma ta koya masa kukan akuya, duk da bai taɓa ganin akuya ido da ido ba tun da ya yi wayo.

Cikin tsakiyar bazara, wata Litinin da hantsi, Hussaina na wanka, Hafiz ya ruga bin ƙwallonsa ya faɗi ya kuje gwiwa. Uwani tana zaune ba takunkumi, don zafi ya ishe ta, kuma tun jiya take jin maƙoshinta na ɗan ƙaiƙayi. Ba ta san lokacin da ta sure shi ba. Ta rungume shi, ta karanta abin da take karanta wa duk yaron da ya faɗi, ta yi masa tofi a gwiwa, ta yi masa a ka. Sai da ya yi shiru ta tuna. Ta wanke masa ciwon da tafasasshen ruwa, ta ɗauko takunkumin ta ɗaura. Da Hussaina ta fito ta faɗa mata faɗuwar, ba ta faɗi sauran ba.

Laraba da azahar ya ƙi tuwo. Hussaina ta sa masa ma'aunin zafi a hammata, ta duba, ta sake dubawa, fuskarta ta sauya. Ba ta yi kuka ba. Jaka na nan a shirye bayan ƙofa tun ranar da suka dawo. Ta kira likitan Gusau da aka haɗa su da shi, ta kira Zayyanu, kafin a yi la'asar sun kama hanya.

Kwana biyar suka yi. Uwani ta kwanta da mura a kwana na biyu, ta kuwa tabbatar wa kanta ita ta shafa masa. Nabila ta kai mata shayi, Uwani ta ce a ajiye bakin ƙofa. Ta riƙa juya abin: an ratsa ƙasa da yaro har Legas, an huda bayan 'yar'uwarsa, uwarsa ta yi wata bakwai kan kujerar asibiti, sai ita tsohuwa ta zo da yawun bakinta. Zayyanu ya kira ya ce ciwon ƙirji ne, ana yi masa allurai ta jijiya, zazzaɓin ya fara sauka. Ta ce ya ba ta Hussaina.

"Ɗiyata, akwai abin da ban gaya maki ba." Ta faɗa mata duka, har ƙaiƙayin maƙoshin.



"Inna, da kin gaya mani ran nan," in ji Hussaina. Can ta ce likita na zuwa, ta kashe.

Da suka dawo, Uwani ta warke amma ba ta fito ba. Tana jin muryar yaron yana "Kaka, Kaka", ta juya fuska bango. Ta riga ta yanke shawara za ta koma wurin Sanda a Kasuwar Daji har ya cika shekara da dashen. Bayan sallar la'asar Hussaina ta yi sallama, ta zauna bakin ƙofa.

"Na tambayi likita. Ya ce zai iya zama daga gare ki, zai iya zama daga Nabila ko babansa da ke wuni kasuwa, ko ni. Ba wanda zai iya cewa." Ta ɗan tsaya tana murza bakin zanenta. "Na yi fushi, Inna, ba zan ɓoye ba. Amma ni ma a Legas na taɓa mance maganin safe, na kwana biyu ban gaya wa kowa ba don tsoro. Abin da nake roƙo, duk abin da ya faru a faɗa. Kuma kwana biyar bai ci abin kirki ba. Tuwon asibiti bai karɓe shi ba."

Uwani ta share fuska da tafin hannu, ta tashi ta nemi sabulu.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, bayan iska ta ɗaga ledoji sama ta rufe ƙofofi. Hafiz na tsakar gida. Kafin kowa ya ankara ya tsaya cikin ruwan ya buɗe hannu, yana tsalle yana ihu. Uwani ta fito da gudun da ta manta tana da shi, bargo a hannu, tana kiran a ɗora ruwan zafi. Haka ta yi shekara tara a Moriki. Da hadari ya haɗu a gabas sai ta tattara Armiya'u da Balaraba ɗaki, ta hura gawayi, ta naɗe su, sauran yara na wanka a bakin indararo suna kiran su. Sau ɗaya Armiya'u ya sulale ya bi su. Kwana huɗu ya yi yana kiran sunan Allah yana cewa ana sara masa ƙashi, tana gasa masa gaɓoɓi da tsumma, Malam Ladan na zaune bakin ƙofa da carbi ya kasa shigowa.

Ta naɗe Hafiz, ta goge shi, ta sa masa riga biyu. Sannan ta zauna jira. Ta duba yatsunsa da magariba, ta matsa gwiwarsa, ya yi dariya ya zaci wasa ne. Da safe ta sake dubawa, ta buɗe idonsa ta ga fari tas. Kwana uku tana bin sa da kallo, shi kuwa yana hawa kujera yana dirowa, yana jan takalmin babansa a ƙafa. A na huɗu ta samu Hussaina na wanke kwalaben awon magani.

"Wai da gaske ya tahi ke nan? Ciwon?"

"Gwajin da aka yi ya nuna jinin Nabila ne ke aiki, Inna. Sun ce a ci gaba da dubawa, amma ya kama."

Uwani ta koma ɗakinta ta daɗe. Da ta fito ta aiki Zayyanu ya sayo gero, ta yi waina da yawa aka raba sadaka a unguwa. Ba ta faɗi don wa ta yi ba, shi ma bai tambaya ba.

Bayan an yanke gero, Hafiz ya cika shekara da dashe, aka rage magunguna, kumatun suka saɓe. Likita ya ce duk allurar rigakafin da aka yi masa yana jariri ta goge tare da tsohon ɓargon, sai an faro daga farko. Ranar zuwa asibitin unguwa Hussaina na da baƙi daga Shinkafi, waɗanda wannan karon aka shigar da su har ɗaki. Uwani ta ce ita za ta kai shi.

Suka tarar da benci cike da masu jego, kowace da jaririnta cikin tawul. Ta zauna can gefe inda iska ke shigowa, kamar yadda aka gaya mata, ga ƙaton yaro ɗan shekara uku da 'yan kai zaune kan cinyarta yana kaɗa ƙafa cikin takalmi mai fitila. Matan suka fara satar kallo. Wata mai baki ta kasa haƙuri.

"Inna, ina kuka shiga haka? Sai da yaro ya isa makaranta za a kawo shi rigakafi?"

"An yi masa duka tun yana ƙarami," in ji Uwani. "Sabon jini gare shi, shi za a yi wa."

"Sabon jini kamar ƙaƙa?"

Ta gyara zama ta fara ba su labari, tun daga Legas. Wata yarinya da ke ƙarshen benci, mai jariri ɗan wata biyu, ta taso ta dawo kusa. Ta ce ita da mijinta duka an ce suna da rabin ciwon, ba ta kai ɗan gwaji ba don tana tsoron abin da za a ce. Uwani ta dube ta, ta dubi jaririn.

"Ki kai shi, ɗiyata. Mu lokacinmu ba mu da inda za mu kai. In kin fito ki jira ni, in kai ki wurin uwar wanga, ta san hanyar duka."

Ma'aikaciya ta leƙo da kati a hannu ta kira sunan Hafiz Zayyanu, tana neman jariri a hannun mata. Ya zame daga cinyar kakarsa ya taka da ƙafarsa, ya tsaya gabanta, ya naɗe hannun rigarsa da kansa.